Kada Amawali Ya Sauka

Kumasi, daminar 1957

Zuwa ga Baba Malam Shaihu, Kebbe.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ladabi. Yaya Inna da ƙannena, yaya gero?

Baba, muguwar murar da ta game duniya ta iso nan. A asibitin da nika shara an ba mu ƙyalle muna rufe hanci da baki. Mu da munka ɗaura muna nan tsaye. Ni ɗan zazzaɓi na yi, bai kai a faɗa wa Inna ba. Abokin aikina Lauwali na Fakku ya ƙi, wai takunkumi sai jaki. Ran Jumma'a munka yi mai sutura. A je wa mutanensa ta'aziyya.

Na san halinka, in an kira ka tofi kakan sauke amawali ka duƙa bisa fuskar majinyaci. Don Allah, in ciwon ya iso Kebbe, ja amawalin har bisa hanci, ka yi addu'arka a haka. Wanda kake roƙo yana jin na zuci ma, balle na bayan ƙyalle.

Kai nika son in iske in na dawo, ba rawaninka a rataye ba.

Ɗanka,
Attahiru