Irin kindirmon Inna

Baban Gwamma,

Na tafi kasuwa. Ban tashe ka ba, na ga gwani ya gaji.

Na buɗe firigo na tarar da aikinka na jiya, leda talatin, kowace ta daskare kamar dutsen Assekrem. Na fasa ɗaya na ɗanɗana. Madara ce da sukari, ko ƙamshin kindirmo babu, balle a kira shi yawur. Ka sha yawur mai ƙanƙarar nan na Balaraben da ke kusa da shagonka, ka ce ba wani abu ba ne, ko? To, sai madara ta huce ake sa mata iri, a rufe ta kwana ta yi kauri, sannan ta ga sanyi. Gwamma ta ce madarar tana tafasa ka zuba irin, ka tura firigo kamar ana korar ka.

Wannan duk mai sauƙi ne. Shuɗin kwanon da ka juye tas, irin kindirmona ne. Inna ta ba ni shi ranar da zan baro Tasawa, a cinyata ya ƙetare sahara. Shekara shida ban bari ya mutu ba, kai ka dafa shi kafin la'asar.

Bara na ɗibar wa Rakiyatu, matar tela a unguwar Tahaggart, cokali biyu. Ɗauki kwanon ka je ka roƙo. Kar ka ce mata kuran ne ya yanke aka rasa wuta, faɗa mata gaskiya da bakinka. Ka san labari ba ya kwana a wurinta.

Ban ɗora abincin rana ba. Akwai leda ashirin da tara a firigo.

Amatullahi