Motar Baba Ta Daina Neman Turi

Yaya Aminu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Zainab da yara. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Tudun Wada sai godiya.

Albishirinka! Tsohuwar motar Baba da ka ce a sayar wa 'yan gwangwan ta farfaɗo. Wani makanike a Kwangila ya sauke injin ya ƙara masa ƙarfi, ya canja birki gaba da baya, ya sa mata sababbin shokazoba.

Ranar Juma'a Baba ya shiga zai tafi masallaci, sai ga maƙwabta, su Malam Sani, sun naɗe hannun riga za su tura kamar kullum. Makulli ɗaya ta tashi, ta bar su a tsaye! Malam Sani ya ce, "Alhaji, to mu ina ladanmu?" Baba ya taka birki, ta tsaya cak. Ya ce, "Ku shigo, yau ita za ta rama muku."

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. In ka zo da Sallah, da ita zan tarye ka, ka ba ta haƙuri da bakinka.

Ƙaninka,
Bashir