Kaluluwar Auta da Magen Iya

Litinin, 3 ga Maris
Ina yi wa Auta wanka na ji kaluluwa biyu a bayan wuyanta, kamar ƙwayar gyaɗa. Haka ta babana ta fara, kuma ba ta bar shi ba.

Laraba, 5 ga Maris
Wata da na yi wa kitso yau ta ce yagushin mage na kawo haka. Shi ke nan, na gano bakin zaren. Magen Iya ce, tsohuwar da ɗakinta ke kallon namu. Kullum Auta na rungume da ƙazamar dabbar nan. Na je na wanke Iya tas. Wai magenta ba ta taɓa yagushin kowa ba. "'Yata, ita kaɗai ke jira na in na dawo." To ni ina ruwana?

Asabar, 8 ga Maris
Na tasa mai gidan haya a gaba, na ce ko mage ko mu. Baban Auta ya sa ta a kwali ya fita da ita. Iya na tsaye a ƙofa tana kallon mu. Tsanar kallon nan nata nake.

Talata, 11 ga Maris
Asibiti. Likita ya yi ta lissafi: haƙori, kunne, maƙogwaro, tarin fuka, har da irin na babana. Na ce mage ce, ya daina wahalar da kansa. Ya duba jikinta kaf, babu yagushi. Sai ya ce in tsefe mata kai. Ni da kitsona ke wata guda bai motsa ba, har layi ake yi mini saboda shi. Na tsefe ina huci. Ƙuraje ne jere a ƙeya, suna ruwa.
"Maman Auta, wa ke mata kitso? Ki ce ta rage ja."
Na ce zan gaya mata.

Juma'a, 14 ga Maris
Kaluluwar ta fara sauka. Na yi barci. Iya ta leƙo ta tambayi jikin yarinya. Da ma zagi na ta yi.

Lahadi, 16 ga Maris
Na tambayi Baban Auta inda ya ajiye kwalin, ya ce bayan tasha. Na je da yamma, ina leƙa ƙarƙashin motoci kamar taɓaɓɓiya, direbobi na kallo na. Ban ga magen ba. Gobe zan koma da sassafe. Ɓeraye ne suka dame ni, ba wani abu ba.