Gishirin da Tumaki Suka Lasa

Chillkani, 6 ga Yuli, 1986

Zuwa ga matata Delfina,

Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinki, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'yarmu Rosaura da Mama. Yaya tarin Mama, ya lafa? Ni dai na iso ranar Alhamis, bayan yini guda a bayan babbar mota da wani yinin a ƙafa.

Zan rubuta miki abin da na gani daidai yadda na gan shi. Ni ba likita ba ne, mai awon gishiri ne, kuma kin san ba na son faɗin abin da ban auna ba.

Ranar Juma'a da hantsi ƙanwata Dionisia ta kwanto jaririyarta Marcelina daga goyo ta miƙo mini. Watanta bakwai, wato ta girmi Rosaura da mako uku, amma tsawonta bai kai na Rosaura ba da kamar yatsu huɗu. Fatarta a bushe take, kuma da sanyi, ko da yake rana ta ɗaga. Harshenta ya cika bakin har ya leƙo waje. Cibiyarta ta bulluƙo. Wuyanta bai tsaya ba. Na riƙe ta minti arba'in da agogona, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma bi fuskata da ido ba. Sai na karɓi murfin tukunya da cokali, na zaga bayanta na buga sau uku. Kare ya tashi ya bar wurin, kaji suka watse. Marcelina ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Zenón, mijin Dionisia, ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce, "Dokta, gaisuwa ka zo ko kiɗan biki? In kiɗa ne bari mu ɗauko giyar masara."

A nan kowa yabon yarinyar yake yi. Tsofaffi suna cewa Allah ya yi wa Dionisia gata da ya ba ta 'ya mai haƙuri, wadda za a kwantar a bakin gona tun safe ba ta dami kowa ba. Da Dionisia ta tambaye ni Rosaura, na ce mata kukanta yana hana mu sakat, sai ta tausaya miki ƙwarai, har ta faɗa mini wani ganye da za ki riƙa dafa mata.

Ita kanta Dionisia, maƙoƙon da na bari a wuyanta kamar ƙwan kaza yanzu ya kai lemo. Muryarta ta yi kauri. Tana jin sanyi a tsakar rana, gyangyaɗi yana ɗaukarta tana tsaka da kaɗi. Amma kin san a ƙauyenmu maƙoƙo ba ciwo ba ne, wuya ne kawai. Ni da nawa ya lotse tun ina makaranta a birni, har yau Wuyan Kwalba mata suke kirana.

Na tambayi buhu huɗun gishiri mai aidin, sinadarin nan da ke hana maƙoƙo, da na aiko musu shekara biyu da suka wuce. Zenón ya kama hannuna ya kai ni garke. Ya tuna mini yadda a da rabin 'yan tumakinsa sukan faɗo a mace, ba gashi, wuya a kumbure. Tun da ya fara zuba musu gishirina, in ji shi, ko ɗaya bai rasa ba. Ya dafa ƙirji ya yi mini godiya, ya roƙi in ƙaro. Na tsaya ina ƙirga 'yan tumakin, don ban san inda zan kai idona ba. Ashirin da uku ne, kowanne da gashinsa luf-luf.

Bai yi haka don raini ba. Gidanmu kantun gishirin Tata Hilarión yake ci, madugun ayarin lama, dabbobinmu na dako, da ke saukowa daga filin gishiri kowane rani, kamar yadda kakanmu ya ci na ubansa. Gishirin buhu ba shi da mai shi, saboda haka ya zama na dabbobi.

Abin da nake tsammani shi ne yarinyar ba ta samun abin da 'yar tsokar nan ta gaban wuya ya kamata ta riƙa ba jikinta, kuma kowane mako da ya wuce ba ya dawowa. Na ce a kai ta asibitin Santa Elena. Zenón ya ce ba a kai mai lafiya asibiti, kuma ba mai barin gida ayari yana hanya.

Ki gaida Mama. Ki sumbaci Rosaura, kuma in ta yi kuka, ki ƙyale ta ta yi.

Mijinki,
Anselmo


Chillkani, 13 ga Yuli, 1986

Zuwa ga Delfina, abar ƙaunata,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya ƙosa ya dawo gida. Da fatan kina lafiya, Rosaura tana lafiya, Mama kuma ta samu sauƙi. Malamin makaranta ne zai sauko da wannan, shi ya kai ta farkon ma.

Ayari ya iso ranar Laraba: lama talatin da shida, kowace da kantu biyu. Tata Hilarión ya tsufa, amma ƙafarsa ba ta tsufa ba. Aka yi yadda aka saba. Dionisia ta shimfiɗa masa fata a wurin da mahaifinmu yakan zauna, aka yi musayar ganyen koka na taunawa, dabbobinsa suka kwana a gonarmu don su bar mata taki. Washegari aka jera kantu, aka jera masara, ba wanda ya ambaci farashi, don an yanke shi tun kafin a haife mu.

A nan na yi kuskure. Na taho da 'yar kwalbar nan da muke gwada gishiri da ita a wurin aiki. Na yi tsammanin in suka gani da idonsu magana ta ƙare. Na tara su a tsakar gida, da maƙwabta, na ɗiga ruwan a kan kantu, ya tsaya fari. Na ɗebo ragowar gishirin buhu daga garke na ɗiga, nan take ya koma shuɗi mai duhu, alamar akwai aidin. Na ɗago kai ina jiran su fahimta.

Wata tsohuwa ta ja da baya ta yi alamar gicciye. Zenón ya leƙa ya ce, "To ai ga shi, Dokta, ka kama ɓarawo da kanka. Naka ne mai tawada a ciki. Namu yana nan fari tas." Aka fashe da dariya. Wani ya ce shi ya sa mutanen birni suke iya rubutu, tawada suke ci a miya. Wata ta tambayi Zenón ko tumakinsa sun fara karanta jarida. Shekara biyar na yi a jami'a, amma a ranar sai na rufe kwalbata na mayar aljihu.

Da yamma ina zaune bayan rumbu, Tata Hilarión ya zo ya zauna kusa da ni. Shi kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce shekara hamsin yana ratsa kwaruruka, ya kuma lura cewa ƙauyukan da ke sayen gishirin kanti a bakin titi ba su cika haihuwar bebaye ba, amma bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya tambaye ni ko zan iya sa maganin a cikin kantunsa. Na bayyana masa cewa sai an niƙa gishirin, an fesa masa aidin da inji, an ɗura a leda. Ya daɗe yana tauna ganyensa, sa'an nan ya ce, "Ɗana, in gidan nan ya daina karɓa, na kusa zai daina. A wurinmu ƙasar gishiri ce, masara ba ta tsirowa. Jikokina tara." Bai faɗa da faɗa ba. Ni ma ban ga abin da zan tuhume shi da shi ba.

Akwai abin da ban gaya miki ba a takardar farko. Lokacin da na aiko da buhunan nan, na haɗa da takardar bayani da ofishinmu ya buga da Sifaniyanci. Dionisia ba ta karatu, Zenón ma haka, kuma na sani. Na san da Tata Hilarión, a cinyarsa na fara taɓa kunnen lama. Ina da hutu a watan, amma na zauna na ƙarasa rahoton gishirin lardi. Da na zo na zauna da su kwana uku, wataƙila da an samu hanya, ko da rabin cokali ne a tukunyar Dionisia ita kaɗai. Na ce wataƙila, don ba ni da tabbas. Amma ban zo ba, wannan kam tabbas ne.

Safiyar Asabar, yana ɗaure kaya, madugu ya karɓi Marcelina ya sa mata albarka kamar yadda yakan yi wa kowane sabon haihuwa. Ya daɗe yana dubanta. Sai ya juya ya ce wa Zenón, "Bar su su je. Yaron da ba ya kuka, ba a sanin yunwarsa." Abin da na yi kwana takwas ina roƙo, shi ya same shi da magana ɗaya. Gobe da sassafe za mu kama hanya, ni da Dionisia da yarinyar.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida Mama da kyau.

Naki har kullum,
Anselmo


Chillkani, 17 ga Yuli, 1986

Delfina tawa,

Gaisuwa mai tarin yawa a gare ki da Rosaura da Mama, da fatan kuna lafiya. Mu ma mun je mun dawo, ba abin da ya same mu a hanya.

Tafiyar da nakan yi a awa shida, awa goma ta ci mana, saboda Dionisia ba ta iya haura tudu ba tare da ta zauna ba. Likitar da muka samu matashiya ce, mai natsuwa. Ta duba uwa da 'ya fiye da awa guda. Ta ba Dionisia ƙwayar man aidin, ta ce za ta riƙe ta kamar shekara ɗaya. Ta rubuta wa Marcelina wani magani da za a riƙa murƙushewa a ba ta kullum. Babu shi a Santa Elena. Na sa takardar a cikin wannan ambulan. Ki nema a Sucre, na wata shida in an samu, ki ba malamin makaranta ya taho da shi.

Likitar ba ta jin yarenmu, Dionisia kuma ba ta jin Sifaniyanci, saboda haka duk abin da aka faɗa ta bakina ya bi. Ta ce in aka dage da magani jikin yarinyar zai yi ɗumi, za ta ƙara tsawo, harshen zai koma, za ta ma fara kuka. Na fassara wannan. Dionisia ta yi murmushi ta ce to ashe magani za a ba ta don ta dame ta. Sa'an nan likitar ta rage murya ta ce kunne kam da wuya ya buɗe, magana ma haka, kuma hankalin ba zai yi nisa ba, domin ɓarnar tun a ciki aka yi ta, a watannin farko, lokacin da jikin uwar ba shi da abin da zai ba ta. Ta ce da uwar ta samu aidin kafin ta ɗauki cikin, da ba mu zauna a ɗakin nan ba. Ta dube ni tana jira in fassara. Na ce wa Dionisia likita ta ce a dawo bayan wata uku. Likitar ta lura cewa maganata ta fi tata gajarta.

Ƙanwata ba ta yi makaranta ba, ciwon kuma ya rage mata sauri, amma bai taɓa mata hankali ba. A hanyar dawowa muka iso rafin da ke ƙasan ƙauye. Ta zauna a kan dutse, ta juyo da yarinyar gaba, ta ba ta nono. Sai da ta riƙa shafa mata kumatu kafin ta kama. Ba ta dube ni ba ta ce:

"Yaya, 'yan tumakin nan da suka daina mutuwa. Da ni na ci gishirin, da yarinyar nan tana jin muryata?"

Ita ce ta riƙa ɗaukar gishirin da hannunta tana kai wa garke, da cikin Marcelina a jikinta. Ta san haka, na san haka. Ban amsa mata ba. Muka tashi muka ƙarasa gida.

Yau na ga kantunan bana a jere a kan maratayi, guda takwas, abincin shekara. Zenón ya ce suna son namiji kafin ƙarfinsa ya tafi. Jibi zan taso, in Allah ya yarda, domin hutuna ya ƙare. Ban san abin da zan bari a bayana ba in ban da alkawarin magani.

Ki gaida kowa. Ina kewarki fiye da yadda na iya rubutawa.

Mijinki,
Anselmo Yucra Limachi

Gyara ɗaya. Na rubuta a sama cewa ban amsa mata ba a bakin rafi. Ba haka aka yi ba. Na amsa. Na ce mata, "A'a, ba gishirin ba ne, haka Allah ya yi ta." Ta sauke numfashi, ta ce dama ta san ba zan ɓoye mata ba. Da muka isa gida ta fasa sabon kantu ta sa a miya, kuma na ci.