Saƙon da Ya Shigo Wayar Inno

Tsamaye, Litinin.

Zuwa ga ƙanwata Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗalibanki na Isa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Abbas ɗan Inno maƙwabciyarmu, wanda ke bautar ƙasa a kudu, Allah ya yi mishi rasuwa. Kin san tun da aka katse layin waya a yankinmu, Inno kan ba Yari direba wayarta in za shi Sakkwato, don saƙo ya samu shiga. Yau ya maido ta da saƙo guda daga wani abokin Abbas. Inno ta kawo mini in karanta, kamar yadda kowa ke kawo mini takarda a garin nan. Ga abin da aka rubuta: "Good afternoon Mama. Abbas passed out today. He said I should tell you."

Kin ga har wasiyya ya bari a faɗa wa uwatai. Inno ta tsura mini ido. Ta ce, "Usmanu, faɗi, na ga fuskarka." Sai na faɗa.

An fara zaman makoki. Ki je ki sanar da ɗiyarta Habi da ke aure nan Isa, amma a hankali, don tana da tsohon ciki. Lambar abokin na rubuta miki a bayan takardar nan.

Yayanki,
Usmanu.

Isa, Laraba.

Yaya Usmanu,

Wa alaikumus salam. Ka gafarce ni, gaisuwa sai daga baya. Abbas yana da rai. Da kunnena na ji muryarsa.

Da takardarka ta iso jiya ban je wurin Habi ba. Mota na shiga, sai da muka kusa Sakkwato waya ta kama, na kira lambar. Abokin ya ɗauka, ya miƙa wa Abbas. Wayarsa ce ta lalace, shi ya sa ya roƙi abokin ya aika. Da na gaya masa ana zaman makokinsa a gida, sai na ji yana kuka yana cewa, "Innata fa? Ta ci abinci?"

Yaya, "passed away" shi ne rasuwa. "Passed out" kuwa, a bakin masu bautar ƙasa, kammalawa ce, an sallame su ke nan. Kalmar farko ɗaya ce, 'yar ƙaramar da ke biye da ita ce ta raba su.

Na ɗauki muryarsa a wayata, ga ta nan na ba Yari. Kada ka aika kowa. Ka kai wa Inno da kanka.

Ƙanwarka,
Sa'adiyya.

Tsamaye, Asabar.

Sa'adiyya,

Bayan gaisuwa. Na yi yadda kika ce.

Na iske mata cike da tsakar gida, ana rabon gumba ta sadakar uku. Na durƙusa bakin ƙofar ɗakin Inno na ce, "Inno, na yi kuskure. Abbas na nan da rai." Ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "Wace magana za ni ɗauka, ta Litinin ko ta yau?" Sai na kunna mata wayarki. Ta ɗora ta a kunne, ta ƙare, ta ce in sake. Haka muka yi ta yi har caji ya ƙare. Sannan ta tashi ta ɗauki mayafi ta nufi gidan liman ta karɓo rigunan Abbas, don ta riga ta ba da su sadaka. A hanya ta tsaya, ta ce a bar su, wanda ya samu ya samu.

Gari ya yi murna, an yi dariya kuma. A kasuwa yanzu Malam Fasawut suke kirana. Wannan bai dame ni ba kamar kwana ukun da na sa tsohuwar nan a ciki. Da hawan jininta ya kayar da ita fa? Mi za ni ce wa Allah?

Shekara ashirin ina karanta wa mutane takardu da Turancin da na tsinta a sakandare. Yanzu ina tunanin sau nawa na faɗi abin da ba shi ba ne, ba wanda ya gane. Na daina. Jiya an kawo mini takardar makarantar wata yarinya, na ce su nemi wani.

Usmanu.

Isa, Talata.

Yayana,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida iyali da Inno.

Ka ce su nemi wani. Wa za su nema a Tsamaye?

Bari in tuna maka wani abu. A shekarata ta biyu a kwaleji an manna sanarwa cewa jarrabawa an yi mata "put off". Na ɗauka an soke ta, na haɗa kayana na dawo gida ina murna. Ashe ɗagewa aka yi da mako ɗaya. "Call off" ne sokewa. Na rasa jarrabawar, na ce ba zan koma ba har abada. Kai ka ɗora ni a babur ka mayar da ni, ba ka faɗa wa Baba ba. Yau ni ce ke koyar da Turancin.

Irin waɗannan kalmomi ba a gane su da hankali, sai an ji su a bakin mutane. Mu ma haka muke yi. Ka dubi "ci": cin gaba daban, cin amana daban, cin kasuwa daban, babu tuwo a ko ɗaya. Su kuma "look after" kula ne, "look for" nema. "Give up" haƙura da abu ne, "give out" rabawa. In mota ta yi "break down" lalacewa ta yi, in ɓarawo ya yi "break in" fasa gida ya yi. Ko "pass out" ɗin nan, a wani wurin suma yake nufi.

Na rubuta maka guda arba'in a littafi, kowace da jimlarta irin ta yau da kullum. Wadda ba ta ciki, ka ce ba ka sani ba, ka aiko mini. Ni ma ina faɗar haka a gaban aji, ba abin da ya ragu a jikina.

Habi ta sauka lafiya, namiji. Sai bayan haihuwar na ba ta labarin, ta yi dariya har ta yi hawaye.

Taka,
Sa'adiyya.

Tsamaye, Juma'a.

Sa'a,

Gaisuwa da godiya. Littafi ya iso. Abbas ma ya iso shekaranjiya, ya rame amma lafiya lau. Ya zo har gida ya gaishe ni, na kasa ɗaga kai. Ya ce Inno ta faɗa mishi kwana uku ina zaune ƙofar gidansu ban je gona ba.

Jiya ya kai ta asibiti a duba jininta. Da suka dawo ta ƙi yarda ya karanta mata takardar likita, wai ni ne mai karanta mata. Na duba, an rubuta "cut down on salt". Na buɗe littafinki, babu ita. Na ce, "Inno, ban san wannan ba." Ta ce, "To, mu jira Sa'adiyya."

Rage gishiri ake nufi, ko bari gaba ɗaya? Ki amsa da motar gobe. Ta ce ba ta sa ko ƙwaya a miya sai takardarki ta zo, kuma Abbas ya fara zuwa gidana cin tuwo.

Yayanki,
Usmanu.