Takalman da Ke Saman Dulab ɗin Umma

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Faisal ƙanena.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan wasiƙa ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da malamanku da abokan wasanka. Umma tana gaishe ka. Mutanen unguwarmu Hindawiyya ma suna gaishe ka, har da waɗanda ba su san ka daina ɗaga wayata ba.

Na zaɓi in rubuta maka a nan shafina na intanet, inda kowa zai karanta, saboda na lura kana buɗe saƙon Umma, nawa kuwa yana nan yadda na aiko shi. Ban ga laifinka ba. Abin da na yi maka a gaban unguwa na fara shi, to gara unguwa ta ji ƙarshensa daga bakina.

Ka yi haƙuri in ɗan tsaya saboda masu leƙo mana. Da yawansu sun san kana Amurka kana karatu, amma ba su san ƙwallo ce take biya maka makarantar ba. Ba irin tamu ta ƙafa ba, waccan da ake sa hular kwano ana rungume ƙwallo ana turereniya. Ni kaina na daɗe ina kiranta damben Turawa, kana dariya kana ƙyale ni.

Jiya da la'asar na ga bidiyon da makarantarku ta fitar na gwajin da ake yi muku kafin a shiga kakar wasa. Na zauna a gefen gadon Umma na kalla tun daga farko. Na ga an ɗora ku a kan ma'auni ɗaya bayan ɗaya. Na ga kun kwanta a benci kuna tura ƙarfe sama, sauran sun kewaye kowa suna ihu kamar ana rabon gado. A nan ka burge ni, wallahi, har na taɓo Umma na ce ta duba ɗanta. Sai tsalle, inda kuke miƙa hannu kuna bugun wasu 'yan sanduna da aka jera a sama. Sannan aka zo gudun yadi arba'in.

Faisal, na san gudunka tun kana tsere mini da kunun safe a hannu. Wanda na gani a bidiyon nan ba naka ba ne. Ka tashi da nauyi, ƙafafunka suna neman ƙasa, da ka ƙetare layin kuma ka sunkuya ka dafa gwiwoyi ka daɗe ba ka ɗago ba. Wani mutum mai hula ya dubi abin da ke hannunsa, ya dube ka, ya juya ya kira na gaba. Babu wanda ya yi maka ihu.

Umma ce ta faɗa mini sauran, ita ma ba tare da ta gane nauyin abin da take faɗa ba. Ta ce ka gaya mata an mayar da kai sahun baya, kuma akwai wani gwajin bayan an gama kakar wasa, in gudunka bai dawo ba za su daina ɗaukar nauyin karatunka. Tana faɗa tana tsince shinkafa. Ta ƙara da cewa, “Yaron da ya yi ƙiba ya yi kyau, shi ne za su ce bai yi musu ba? Allah ya shirye su.” Ni kuwa na san daga inda ƙibar ta fito, na kuma san inda gudun ya tafi.

Ka tuna ranar da ka sauka hutun nan? Ka shigo da sunkuyo saboda ƙofarmu ta yi maka gajarta. Tun kafin ka ajiye jaka ka ce min mai horar da ku ya ce hutu na karatu ne, ba na jiki ba, dole ka riƙa gudu kullum da safe, ka kuma kula da abin da kake ci. Na ce to, na ji. A raina kuwa cewa na yi, yaro ya shekara biyu yana cin ganye a ƙasar mutane, ƙashin wuyansa duk a waje, ya dawo gida kuma yana kawo mana doka.

Washegari bayan sallar asuba, kafin zafin Jidda ya farka, ka ɗaura takalmanka masu ruwan lemo ka fita. Ni da kai a nan aka haife mu, amma shekara biyu a waje ta mantar da kai abin da gudu yake nufi a lungunanmu. A Hindawiyya ba a gudu don motsa jini. In aka ga ƙato baƙi ya kwaso a guje da sassafe, abu ɗaya ne ke zuwa ran kowa: masu duba takardu sun shigo.

Ba ka kai kwanar mai gasa burodi ba wani ya ƙwala ihu, “Jawazat!” Shi ke nan unguwa ta hargitse. Leburorin da ke jiran motar aiki suka watse, wani ya haura katanga ya bar silifa ɗaya. Ƙofofi suka riƙa rufuwa. Har masu iƙama, takardar izinin zama, a aljihu sai da suka ruga, domin a irin wannan lokaci ƙafa ce take fara tunani. Kai kuma kana gaba, da abin jin kiɗa a kunne, ba ka san ka ja rabin unguwa a bayanka ba.

Yanzu ana ba da labarin ana dariya. Ranar ban yi dariya ba, saboda Goggo Ladi. Ka san ta, tsohuwar da ta zo umra tun muna yara ta zauna, mai tuyar masa a bakin lungu, wadda ba ta taɓa karɓar kuɗinka ba. Ta zabura za ta kwashe kayanta, tandar ta kife, mai ya zubo mata a ƙafa. Asibiti kuma ba wurin zuwanta ba ne, ka san ba ta da takardar zama. Ni na wanke ƙunar a tsakar gidanmu, tana cije leɓe tana cewa, “Ba komai, ya binti, 'yata, ɗana ne, bai sani ba.” Kana tsaye a bakin ƙofa, gumi yana zuba, ka rasa inda za ka sa idonka.

A ranar na ɗauke takalman. Kana wanka na kwashe su daga bakin ƙofa, na taka kujera, na tura su saman dulab, dogon kabad ɗin kayan Umma, can bayan babban farantin da muke zuba kabsa, dafa-dukar Larabawa, in an yi baƙi. Da ka tambaya na ce ban gani ba, wataƙila hatsabiban yaran lungu ne. Na faɗa ina kallon tsakiyar idonka, ko ƙiftawa ban yi ba.

Har zuwa nan ina da abin da zan kare kaina da shi, kuma na sha karewa. Unguwa ta fi takalmi. Amma abin da ya biyo baya ba shi da kariya.

Ka zagaya kasuwar Bab Makka shago shago kana neman wasu, masu shaguna suna duban ƙafarka suna dariya, wani har ya ce sai dai a ɗinka maka kwale-kwale. Ba ka samu daidai kai ba. Ka dawo ka ce ba komai, za ka yi da tsofaffin da ka bari tun na sakandare ko da sun matse ka, in dai zan riƙa kai ka bakin teku da safe, inda masu gudu suke gudunsu babu mai waiwayarsu. Mota tana hannuna. Hanyar ba wata hanya ba ce, har Abhur, can gaɓar teku bayan gari, ina zuwa in ƙawata ta kira ni shan shayi. Na ce maka gobe in sha Allahu. Goben nan ita na yi ta ba ka har hutu ya ƙare.

Kullum da dalilina. Yau gidan Kawu sun gayyace mu, gobe gidan surukan maƙwabta, jibi walimar wanda ya sauke Alƙur'ani. Kowane gida yana son a ce ɗan Amurka ya ci a cikinsa, ni ce kuma mai karɓar gayyatar a madadinka. Ka san al'adarmu, ba a ture farantin babba, ba a cewa an ƙoshi sai mai gida ya gaji da ƙari. Ga kabsa, ga tuwon shinkafa da miyar taushe, ga mutabbaƙ, wainar fulawar nan mai ƙwai da nama, ga tsiren da ake aiko maka a takarda tun daga bakin titi. Umma tana gefenka tana tura maka nama da yatsa tana cewa, “Kul, kul, yalla, ci mana, can wa zai ba ka?” In ka ɗago ka dube ni neman ceto, sai in ƙara maka miya.

Sau ɗaya ka yi magana. Muna dawowa daga wata walimar, ka ce, “Yaya, wallahi wannan shugul ɗina ne, aikina ne, ba wasa ba ne.” Na ce halas, ya isa haka, ɗan ƙwallo, in ka koma ka yi ta gudunka har ka gaji. Ka juya kana kallon titi.

Gaskiyar ita ce ban ɗauke shi aiki ba. A idona aiki shi ne irin na Baba, Allah ya jiƙansa, da ya ƙare rayuwarsa a bayan sitiyarin mutane a Abhur, yana jiran 'ya'yan wasu su gama iyo. Gudu da tsalle kuwa abin yara ne. Na manta cewa wannan abin yaran shi ne ya buɗe maka ƙofar da duk zuriyarmu babu wanda ya taɓa leƙa ta. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, tunda yau ranar faɗa ce. Ina jin daɗin ganinka a zaune. In kana falo ka miƙe ƙafafu ka cika ɗaki, cikinka ya ɗauka, kana gyangyaɗi, sai in ji kamar ba ka taɓa tafiya ba. Na fi son ka yi nauyi ka zauna kusa da mu.

Yau da safe, bayan na kasa karyawa, na jawo kujera na hau zan sauko da takalman. Suna nan inda na sa su, bayan farantin. Ina tsaye a kan kujerar nan, kaina daidai saman dulab, sai wani abu ya faɗo mini wanda ya sa na dafa bango.

Wa yake sauko da farantin nan duk lokacin da aka yi baƙi?

Kai ne, Faisal. Kai kaɗai ne a gidan nan da ba ka bukatar kujera. Duk azumar da muka yi wa baƙi a hutun nan, in an tashi zuba abinci, Umma kai take kira, “Dogo, miƙo mana faranti.” Ka miƙa hannu ka ɗauko, bayan an wanke ka mayar. Takalma masu ruwan lemo, girman kwale-kwale, a daidai hancinka. Ka gan su tun makon farko. Ka gan su ranar da ka dawo daga Bab Makka hannu rabbana. Ka gan su ranar da ka ce min wannan aikinka ne. Ka ɗauki faranti ka bar takalmanka, saboda yayarka ta riga ta ce ba ta gani ba, kuma ba a yi maka tarbiyyar da za ka mayar da ita maƙaryaciya a gaban Umma ba.

Na sauko daga kujerar na zauna a ƙasa da takalman a cinyata, na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar Baba. Umma ta shigo ta gan ni, ta ga takalman. Ta dubi saman dulab ɗin. Sannan ta ce, “Ashe ke ce.” Ta fita.

Ka yafe mini, ƙanena. Ba don uzurina ya isa ba, bai isa ba. Na ci amanar kunyata da kake ji, na yi amfani da ladabinka na ɗaure maka ƙafa.

Takalman na goge su, na ba wani maƙwabcinmu da zai taso ƙasarku a ƙarshen wata, zai sa maka su a gidan waya in ya sauka. Na san kana da wasu a can, makaranta tana ba ku. Duk da haka ka karɓa, naka ne. Goggo Ladi ta warke, ta koma bakin tandarta, ta ce in faɗa maka ta ajiye maka masa. Na ce mata ta ajiye ta da nisa.

Saura magana ɗaya, ita ce mai wuyar. Hutun da ke tafe, wanda ya faɗo gab da gwajin na biyu, na san ka yi wa Umma alkawarin za ka zo. Kada ka zo. Na yi magana da ita, ta yi ƙunƙuni, ta share ido da gefen mayafi, amma ta yarda. Ka zauna inda ake da fili da ƙarfe da mutanen da suka san darajar abin da kake yi. Na san kaina, na san unguwarmu. In ka shigo ƙofar nan da sunkuyo, zan sake ɗora tukunya, kuma kai ba za ka iya ce min a'a ba.

Allah ya dawo maka da saurinka, ya ƙara maka da wanda ya fi shi. Allah ya sa ranar gwajin ƙafarka ta yi sauƙi, ƙirjinka ya buɗe, mai hular nan ya dubi abin hannunsa ya sake dubanka da kyau. Allah ya tsare maka karatunka, ya tsare gwiwarka da wuyanka daga turereniyar nan da har yanzu ba na iya kallo sai ta tsakanin yatsu. Allah ya jiƙan Baba, ya bar mana Umma har ka dawo da shaidar kammalawa a hannu.

Ba sai ka amsa ba. In ka ga dama, ranar da takalman suka iso, ka aiko mini da hotonsu a ƙafarka, zan gane.

Faranti kuma daga yau ni zan riƙa saukowa da shi. Kujera tana nan.

Wassalam.

Yayarka da ta yi maka ba daidai ba,
Rukayya