Amsar da Halvard Ya Haɗiye

Antsirabe, Madagaska
Yuli, 1984

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Gunvor,

Gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Eilif da yara duka. Yaya ƙafar Mama? Kin ce likita ya hana ta hawan tudu, ni kuwa na san halinta, in dai akwai taron addu'a a saman tudun nan ko da rarrafe sai ta je. Ubangiji ya ba ta sauƙi, ke kuma ya ƙara miki haƙurin jinyar wadda ba ta yarda tana ciwo ba. Ƙunshin da matan ikilisiya suka aiko ya iso, rigunan sanyin kuwa sun zo a kan gaɓa, domin yanzu muke tsakiyar sanyinmu ku kuna can kuna shan rana. Cukun nan mai ruwan ƙasa na ɓoye shi bayan littattafan waƙoƙi, in ba haka ba mijin nan nawa Halvard ba zai bari ya kwana ba.

Mu nan lafiya lau, 'yan matan gidan marayun da muke kula da shi ma haka, sai ɗan tari da ba a rasa ba. Amma kwanakin baya saura kaɗan mu rasa ɗaya daga cikinsu, kuma ba ciwo ne ya so raba mu da ita ba, Halvard ne da bakinsa. Ki zauna da kofinki ki sha labari.

Sunan yarinyar Voahangy, ba ta wuce shekara sha ɗaya ba, ta zo mana bara bayan rasuwar mahaifiyarta. Ga kai, ga natsuwa, a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki da nake yi musu ran Laraba ita ce mai tambayar da ke sa ni komawa ɗaki in sake buɗe littafi. Rannan muka karanta labarin Musa yana jariri, yadda aka sa shi a kwando a bakin kogi, yayarsa ta tsaya daga nesa tana gadinsa. Ban rufe baki ba ta ɗaga hannu, wai in da yayar ta tafi makaranta fa, wa zai tsaya? Na ba ta amsa irin ta malamai. Ashe ƙaninta take nufi, ɗan shekara huɗu mai suna Tsiry, da aka bari a ƙauye wurin kakarsu. Kakar ƙarfinta ya ƙare, wani kawunsu kuma ya ce zai tafi da yaron can kudu ya tashi cikin masu kiwon shanu. In ya tafi, ita da ganinsa sai dai wani ikon Allah.

Da aka tashi daga aji sai ta tattara ƙarfin halinta ta sami Halvard yana gyaran ƙofar ɗakin girki, ta roƙe shi a kawo ƙanin nata, alhali ta san gidan na 'yan mata ne. Kin san yadda muke yi a ƙasarmu in mun yarda da magana, mu ce "ja", wato i da harshenmu, muna shaƙar iska ciki maimakon mu fitar. To, haka ya yi mata, har sau biyu, ya ajiye guduma ya wuce rumfar aikinsa. A wurinsa an gama magana. Katako ya je nema zai haɗa wa yaron ɗan gado, ni matarsa ma bai ga dalilin gaya mini ba. Kin dai tuna ranar da ya zo neman aurena, da Babanmu ya ce mutumin kirki ne amma a duba ko yana da harshe.

Washegari da safe aka nemi Voahangy aka rasa. Ta ninke bargonta, ta ajiye littattafanta a kai, ta ɗauki tsohon zanen da ta zo da shi kawai. Yaya, hankalina ya tashi ƙwarai, na shiga ɗaki na fita ban san abin da nake nema ba. Sai a nan Halvard ya buɗe baki, wai shi bai gane ba, ai jiya ya amsa mata. Iya Bakoly, dattijuwar da ke mana girki, ta ajiye ludayi ta riƙe ƙugu ta ce, "Wa ya amsa? Ina zaune nan ina tsintar shinkafa, a kan idona aka yi. Yarinya ta yi magana, Baba ya ja numfashi kamar wanda ya taka maciji, ya sake ja, ya juya ya fice. Ko ni da furfurata aka yi wa haka ai na kama gabana." Na ce mata ai a wurinmu wannan shi ne i. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Uwar ɗakina, duk Turawan gidan nan haka kuke yi, mu mun ɗauka ciwon ƙirji ne na ƙasarku. Da me kike tsammani nake zuba muku citta a shayi tun zuwanku?" Ga tashin hankali ga dariya, na rasa wanda zan fara.

Muka shiga tsohuwar motarmu mu uku, Iya Bakoly a gaba tana nuna hanya tana yi wa Halvard faɗa, shi kuma yana tuƙi yana amsa mata da jan numfashi, ita tana cewa ka ji shi ko, ya sake. Da rana ta take muka isa ƙauyen. Muka tarar da Voahangy a tsakar gida tana dakan shinkafa, ƙafafunta duk sun yi kaca-kaca da jar laka, yaron yana riƙe da gefen zanenta. Da ta gan mu ba ta gudu ba, ba ta kuma saki taɓaryar ba. Ta ce mu yi haƙuri, ta gode da karatu, amma ba za ta bar shi ba.

Halvard ya durƙusa a gabanta da dogayen ƙafafun nan nasa, ya shiga kame-kamen bayani, wai gado ma ya kusa haɗuwa, saura ƙafa ɗaya. Ta zuba masa ido ta ce, "Baba, ni ban gane ba. Ka faɗa da baki yadda mutane suke yi." Sai ya cika ƙirji ya ce "eny", wato i da harshensu, da ƙarfin da ya watsa kajin gidan. Kakar daga kan tabarmarta ta ce to madalla, ashe bawan Allahn yana da murya. Ta yarda mu tafi da su biyun, da sharaɗin mu riƙa kawo mata su lokacin girbi, kawun ma da aka kira shi bai ja magana ba. A hanya na tambayi Halvard me zai ce wa shugabannin mishan game da namiji a gidan mata, ya ce zai amsa musu. Na ce ka dai amsa da baki.

Da yamma aka zuba abinci, shinkafa da wake da ganye. Tsiry ya zauna jikin yayarsa yana ci da hannu biyu, 'yan matan sun kewaye shi kowa na son ta ba shi a baki. Ita kuwa sai da ta ga ya ture kwano, sannan ta ja nata ta cinye tas, ta miƙa aka ƙara mata, ta sake miƙawa. Na tsaya ina mamaki, domin tun zuwanta ba ta taɓa cin rabin kwano ba, har wurin likita na kai ta a kan rashin ci. Na tsokane ta na ce yau kuma wace baƙuwa muka yi? Ta ce, "Mama, da ma ina jin yunwa. Kawai dai ba na iya ƙoshi ne ban san ko shi ya ci ba." Na tashi na shiga ɗakin girki na yi kukana, Iya Bakoly ta miƙo mini shayi.

Ki gaishe mini da Mama, ki karanta mata wannan a hankali. Ki gai da Eilif, da Torunn da ƙaramin Sverre, da Gwaggo Borghild, da dukan matan ƙungiyar saƙa. Ku riƙa sa yaran nan biyu cikin addu'a da sunayensu. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.

Ƙanwarki mai kewarki kullum,
Ragnfrid